Danshi a Ɗaki, Ciwo a Ƙirji

Maigida, da kai nake magana, da ke kuma uwargida. In damina ta yi nisa, wajen watan Agusta, ka shiga ɗakin kwananka ka rufe ƙofa, ka shaƙi iska. In ka ji wari kamar na jiƙaƙƙen tsumma, to, duba gindin bango, da bayan gado, da ƙarƙashin tabarma. Za ka tarad da tabo, baƙi ko kore, ko fari kamar auduga. Wannan ita ce funfuna, irin wadda kan fito a kan tuwon da ya kwana biyu.

Mutane da yawa sukan ce, "Ai damina ce, ɗakin kowa haka yake, in rani ya zo za ta tafi." Ni ban yarda da wannan magana ba. Ba ruwan sama ke kawo funfuna ba, ruwan da ya shiga gini ya zauna shi ke kawo ta. Hana shi zama kuwa aikin maigida ne.

Funfuna abu ce mai rai. Ƙwayoyin irinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna yawo cikin iska rani da damina. Ba mai iya hana su shiga ɗaki. Amma kai manomi ne, ka san iri ba ya tsira a busasshiyar ƙasa. Abu uku take so: abinci, da ɗumi, da danshi. Abinci yana nan, watau ciyawar jinka, da zana, da azara, da katako, da ciyawar da aka kwaɓa cikin ƙasar gini. Ko bangon siminti ne, ƙurar da ke kansa ta ishe ta ci. Ɗumi kuwa ƙasarmu ba ta rasa shi. Saura danshi, shi kaɗai ne a hannunka. Abin da ya jiƙe, in bai bushe cikin awa 24 zuwa 48 ba, funfuna tana iya soma kama shi. Da hunturu kuma ba lalle ta mutu ba, kwantawa take yi, tana jiran ruwan baɗi.

Ta hanya uku danshi ke shiga gini. Na fari daga sama: jinka ta ruɓe, soro ya tsage, ko indararo ya karye ruwa na bin bango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na biyu daga ƙasa: in ruwa ya kwanta a gindin bango, bango kan tsotse shi kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Na uku daga cikin ɗaki: numfashin masu barci, da tururin girki, da shanyar jiƙaƙƙun tufafi. Tururin nan in ya taɓa rufin kwano mai sanyi da asuba, sai ya koma ruwa ya ɗigo.

Ɓarnar funfuna ba ta tsaya ga bango ba. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara binciken likitoci, ta bayyana cewa masu zama a gida mai danshi da funfuna sun fi yawan tari, da toshewar hanci, da shessheƙar numfashi, kuma ciwon asma ya fi tasar musu. Yara da tsofaffi da masu ciwon ƙirji su ya kamata a fi tsarewa. In ɗanka yana tari kowane dare, kai shi asibiti, sa'an nan ka dawo ka duba inda yake kwana.

Ga kuma abinci. Wata irin funfuna da ke kama gyaɗa da masara tana fid da guba mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. A shekarar 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila don sun ci tunkuzar gyaɗa mai wannan guba. A 2004 kuma mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya saboda masara mai funfuna. Rumbu mai yoyo, ko buhun da aka jingina da bango mai danshi, hanyar wannan masifa ke nan.

To, ga abin yi. Tun watan Maris ko Afrilu, kafin ruwan fari, hau soro ka toshe tsaga, ka sabunta yaɓe. Kakanninmu da makuba suke yi, ta ɓawon ɗorawa, ba don ado kaɗai ba, don ruwa ya zame. Gyara indararo ya zuba nesa da bango. Tara ƙasa a gindin bango ta gangara waje, ka haƙa wa ruwan tsakar gida hanya. Buɗe taga da ƙofa kullum da rana, iska ta ratsa. Janye gado da akwati daga jikin bango kamar taƙi guda. Ɗora buhun hatsi kan itace, kada ya taɓa ƙasa. Ran da rana ta fito, uwargida ta shanya tabarma da katifa.

Inda funfuna ta riga ta kama, fid da yara waje, ka ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Kada ka share ta da busasshiyar tsintsiya, gama irinta za ka watsa cikin ɗaki. Katako da siminti a wanke da ruwa da sabulu, a bari su bushe sarai. Yaɓen ƙasa a yayyafa masa ruwa kaɗan a kankare, a sake sabo. Zana ko tabarmar da ta ruɓe a yar. Kada ka shafa fenti a kan tabo, kada kuma ka dogara ga turaren wuta. Ɓoye ta ka yi, ba ka kashe ta ba. In ba a tare ruwan ba, za ta komo.

Wani zai ce ba shi da kuɗin siminti da kwano. Ba su ake nema ba. Ɗakin ƙasa busasshe ya fi ɗakin siminti mai yoyo lafiya. Yawancin aikin nan fartanya ce da kwando da yini biyu. Auna wannan da kuɗin magani da kuɗin ta da bangon da ya faɗi, ka ga wanne ya fi sauƙi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu lafiyar cin amfaninta.