Duniya Makaranta: Ramin Jirgin da Ya Zama Hanyar Keke

Za mu leƙa Edinbara, babban birnin Sikotland. A gefen birnin, kusa da dutsen da suke kira Arthur's Seat, akwai wani dogon rami da aka haƙa ƙarƙashin ƙasa domin jirgi, tsawonsa yadi 566. An buɗe layin a 1831, don a riƙa kawo kwal daga wajen Dalkeith, gama mutanen birni da kwal suke dahuwa da jin ɗumi, ga hanyar keken doki kuwa ba kyau, tsada ta yi yawa.

Abin mamaki, da fari ba kan jirgi. Dawakai ne ke jan taragu bisa dogo. Amma cikin ramin akwai hawa: kowane yadi 30 ƙasa ta tashi yadi ɗaya, doki ba ya iyawa da kaya. Sai aka kafa injin tururi a bakin ramin na sama, a tashar St Leonards, yana jawo taragun da igiya. A 1832 aka fara ɗaukar fasinja.

Mutanen birni suna kiran layin Innocent Railway, watau Reluwe Marar Laifi, tun da yake tafiyar doki ce, a hankali, ba irin gudun jirgin wuta da ke tsoratar da mutanen zamanin ba. Sunan da daɗin ji, amma mu ba mu yarda da shi gaba ɗaya ba. Kwal ɗin nan wa ke fito da shi? A ma'adinan gabashin Sikotland mata da 'yan mata ne ke ɗaukarsa a baya, suna hawa da shi daga ƙarƙashin ƙasa cikin duhu, yara ƙanana kuma suna aiki tare da su. Sai a 1842 doka ta hana mata, da yara maza da ba su kai shekara 10 ba, shiga ramin kwal. Watau shekara 11 layin yana aiki kafin wannan doka. Malamin da zai ba 'yan ajinsa labarin dawakan, ya kamata ya haɗa da na yaran.

A 1845 wani babban kamfani, North British, ya sayi layin, daga baya aka sallami dawakai, aka kawo kan jirgi. Fasinja suka koma tashar tsakiyar gari, St Leonards ta zama ta kaya kawai, har aka rufe ta a 1968.

To, me za a yi da ramin da ba jirgi? Edinbara tana da wani, na Scotland Street, wanda ya yi aiki daga 1847 zuwa 1868 kaɗai. Shi an noma naman kaza a cikinsa, gama tana son duhu da laima, a Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya zama maɓoya daga bom, yau yana rufe. Na St Leonards ya fi shi sa'a. A shekarun 1980 aka gyara hanyar domin masu tafiya a ƙasa da masu keke, aka sa fitilu cikin ramin. Yanzu yana cikin hanyar keke ta ƙasa mai lamba 1. Mai fita daga birni gangara yake yi, ba mota ko ɗaya a gabansa. Mai komowa kuwa dole ya taka feda da ƙarfi a hawan nan da ya gagari dawakai, injin igiya kuma an daɗe da cire shi.