Zaɓen Raba Gardamar da Mai Kujera Ya Kira wa Kansa

Ranar Talata 4 ga Agusta 2009 aka kira 'yan Nijar rumfunan zaɓe domin su amince ko su ƙi amincewa da sabon kundin tsarin mulki. Abin da kundin ya ƙunsa ba ɓoyayye ba ne. Shugaba Tandja Mamadou, wanda wa'adinsa na biyu kuma na ƙarshe zai cika ranar 22 ga Disambar shekarar, zai ƙara shekara uku ba tare da an yi zaɓe ba, daga nan kuma yana iya tsayawa takara iya yadda ya ga dama. Hukumar zaɓe ta ce kashi 92.5 cikin ɗari sun ce e, ta kuma ce kashi 68 na masu rajista sun fito. 'Yan adawa, da suka ƙaurace wa zaɓen, suka ce rumfunan wayam suka yini. Wata shida da rabi bayan haka, ranar Alhamis 18 ga Fabrairu 2010, sojoji suka kutsa fadar shugaban ƙasa ana tsakiyar taron majalisar ministoci, suka yi awon gaba da shi. Ba a rufa kwana uku ba dubban mutane suka fito titunan Yamai suna yi wa sojojin sambarka.

Na zaɓi in yi magana a kan Tandja, Allah Ya jiƙansa, domin shi ne misalin da ya fi wahalar da mai ra'ayi irin nawa. Da a ce azzalumi ne da talakawa suka gaji da shi, da maganar ta yi sauƙi. To ba haka ba ne. Mutanen karkara Baba Tandja suke ce masa, kuma da zuciya ɗaya suke faɗa. Shirinsa na musamman ya kai azuzuwa da ɗakunan shan magani da rijiyoyi ƙauyukan da a da sai lokacin karɓar haraji suke ganin hukuma. A zamaninsa aka aza harsashin madatsar ruwa ta Kandaji, da matatar man fetur ta Damagaram, da gada ta biyu a Yamai, da mahaƙar yuraniyom ta Imouraren. Da magoya bayansa suka fara kiran tazarce a ƙarshen 2008, hujjarsu ke nan: a bar dattijo ya ƙarasa ayyukan da ya faro. Kuma na yarda, da yawa daga masu wannan kira ba sayen su aka yi ba.

Duk da haka ina ganin abin da aka yi ranar 4 ga Agusta ba tuntuɓar jama'a ba ne. Domin a fahimci dalilina sai a dubi abin da aka tattake kafin a iso rumfar zaɓe.

Kundin 1999, wanda a ƙarƙashinsa aka zaɓi Tandja sau biyu, ya faɗa a aya ta 36 cewa wa'adi shekara biyar ne, ana sabunta shi sau ɗaya tak. Aya ta 136 kuma ta sa wannan aya cikin waɗanda ba a taɓa su ko da za a yi wa kundin gyaran fuska. Waɗanda suka rubuta shi sun san abin da suke gudu, domin ƙasar ta fito ne daga juyin mulkin 1996 da kisan Shugaba Ibrahim Bare Mainasara a 1999. Shi kansa Tandja, a watan Maris 2009 lokacin da shugaban Faransa Sarkozy ya ziyarci Yamai, ya nuna cewa zai sauka idan lokacinsa ya yi. Da ƙofar gyara ta ƙi buɗuwa sai masu ba shi shawara suka kawo dabara: ba gyara za a yi ba, sabon kundi za a kawo ɗungurungum. Ranar 25 ga Mayu Kotun Tsarin Mulki, ƙarƙashin Mai Shari'a Salifou Fatimata Bazeye, ta ba da ra'ayinta cewa shugaban ba shi da wannan hurumi, kuma yin hakan saɓa rantsuwarsa ne. Rantsuwar nan fa da Alƙur'ani mai girma aka yi ta, a bainar jama'a. Washegari ya rusa Majalisar Dokoki. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dokar da ta kira zaɓen. Ranar 26 ga wata ya ɗauki ikon musamman na aya ta 53, wanda aka tanada domin lokacin da ƙasa ke cikin babban haɗari, kwana uku bayan nan kuma ya rusa kotun ita kanta ya naɗa wasu alƙalan.

Saboda haka ranar da talaka ya shiga layi da katinsa, babu majalisar da za ta yi muhawara a madadinsa, babu kuma kotun da zai kai ƙara idan an sace ƙuri'arsa, sai wadda mai neman ƙuri'ar ya naɗa jiya-jiya. Shi ya rubuta tambayar, shi ya sa rana, gwamnoninsa ne a jihohi, rediyo da talabijin na ƙasa a hannunsa suke. An ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma wanda ya shirya zaɓe a wannan yanayi ya san sakamakonsa tun kafin a buga takardun ƙuri'a.

Akwai kuma wata cuta a cikin irin wannan zaɓe da ba a cika magana a kanta ba, wato cure abubuwa da yawa cikin amsa ɗaya. Kundin 2009 ba ƙarin shekara uku kaɗai ya ƙunsa ba. Ya mayar da tsarin ƙasar na shugaba mai cikakken iko, ya kuma kafa majalisar dattawa wadda shugaban ne zai naɗa kashi ɗaya bisa uku na 'yan cikinta. Manomin Mayahi ko na Tanut da yake son Baba ya ƙarasa madatsar ruwa ba shi da hanyar cewa na yarda da wannan, ban yarda da wancan ba. Ya kaɗa wa mutumin da ya sani, alhali ikon da ya miƙa wanda bai sani ba ne zai gaje shi, wanda wataƙila ko rijiya ɗaya ba zai haƙa ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma tambaya ce mai nauyi. Idan mulki na jama'a ne, da wace hujja takarda za ta hana su ci gaba da zaɓen wanda suke so? Amsata ita ce ƙayyade wa'adi tun asali domin shugaban da ake so aka yi shi. Wanda aka ƙi, akwatin zaɓe ya ishe shi idan an bar akwatin ya yi aikinsa. Shugaban da ya shekara goma a kan kujera ya naɗa hafsoshin soja, ya naɗa alƙalai, 'yan kasuwar da suka yi arziki a hannunsa suka yi shi, hatta 'yan jam'iyyarsa masu iya gadonsa an riga an karya su. A Nijar, Hama Amadou, wanda ake ganin shi ne magaji a jam'iyyarsu ta MNSD-Nassara, ya rasa kujerar firaminista a 2007, ya shiga kurkuku a 2008. Idan aka kai nan ba wanda zai iya bambance ƙauna da tsoro da kwaɗayi, har shi shugaban kansa, domin duk wanda ke shiga wurinsa abin da yake so ya ji shi ake gaya masa. Ina kyautata zaton Tandja ya gaskata cewa jama'a ce ke roƙonsa. Abin da ya fi ba ni tausayi ke nan a labarinsa.

Kuma batun ƙarasa ayyuka, ai matatar Damagaram ta fara aiki a 2011 ba ya kan mulki. Gadar ma an buɗe ta bayan an hamɓarar da shi. Ƙasar da aikinta zai tsaya saboda mutum ɗaya ya tafi, matsalarta ta fi ƙarfin ƙarin shekara uku.

Kada wani ya fahimce ni da cewa ina yaba wa sojojin Salou Djibo da suka hamɓarar da Tandja. Gaskiya ne sun cika alkawari, sun shirya wani zaɓen raba gardama ranar 31 ga Oktoba 2010 wanda ya maido da wa'adi biyu, suka miƙa wa Mahamadou Issoufou mulki a 2011. Bambancin wancan zaɓe da na 2009 a bayyane yake, tunda masu shirya shi sun haramta wa kansu tsayawa takara. Amma babban laifin tazarce a wurina shi ne ta sa farar hula, masu kiran kansu 'yan dimokuraɗiyya, suka tafa wa bindiga. Soja ya sake tabbatar wa kansa cewa shi ne alƙalin ƙarshe idan 'yan siyasa suka rikice. Issoufou ya yi wa'adinsa biyu ya miƙa wa Mohamed Bazoum a watan Afrilu 2021, karon farko da zaɓaɓɓe ya miƙa wa zaɓaɓɓe a tarihin ƙasar, amma hakan bai hana juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba. Juyin mulkin 2023 yana da dalilansa daban, sai dai ɗabi'ar da ta sa ya yi sauƙi an daɗe ana rainon ta, kuma 2009 ta ba da nata kason.

A sauran wurare ma hanyar ɗaya ce. Chadi ta cire ƙayyade wa'adi da zaɓen raba gardama a 2005, Idriss Deby ya zauna har ya rasu a fagen daga a 2021 ɗansa ya hau. Kongo Brazzaville da Ruwanda sun yi nasu a 2015, Afirka ta Tsakiya a 2023. Alpha Conde na Gini, mutumin da ya sha ɗauri saboda neman dimokuraɗiyya, ya yi nasa a watan Maris 2020, aka kashe masu zanga-zanga, a watan Satumba 2021 sojoji suka ɗauke shi.

Mu a Najeriya abin da ya cece mu a 2006 shi ne kundinmu bai bai wa shugaba ƙofar tsallake majalisa ya tafi kai-tsaye wurin jama'a ba. Sashe na 9 ya ce sai kashi biyu bisa uku na kowace majalisa ta tarayya sun yarda, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36. Ranar 16 ga Mayu 2006 Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da ƙudurin da zai bai wa Obasanjo wa'adi na uku, bayan an yi muhawarar ana nunawa a talabijin, kowane sanata mutanen mazaɓarsa na kallon bakinsa. Masu kira a yau a shigar da zaɓen raba gardama cikin kundin Najeriya suna da hujjoji masu kyau, ban kuma ƙi ba, amma su lura da wa za a bai wa ikon kiransa, da kuma ayoyin da za a ce ba ya taɓa su.

Sharaɗin da nake so in ga an rubuta a kowane kundi a yankinmu gajere ne: duk sauyin da aka yi wa tsawon wa'adi ko yawansa, ta majalisa ko ta ƙuri'ar jama'a, ko da sunan gyara ko da sunan sabon kundi, ba zai amfani wanda ke kan kujera lokacin da aka yi shi ba. Idan shugaba ya yi imani ƙasarsa na buƙatar wa'adi uku, ya fito ya yi yaƙin neman hakan domin magajinsa. ECOWAS ta taɓa kusantar wannan. A taron Accra na watan Mayu 2015 an kawo shawarar wajabta wa'adi biyu a duk ƙasashen ƙungiyar, Togo da Gambiya suka ƙi, aka janye maganar. A 2009 ma ƙungiyar ba ta dakatar da Nijar ba sai a watan Oktoba, bayan an rusa majalisa, an rusa kotu, an yi zaɓen an gama, sannan Janar Abdulsalami Abubakar ya shiga zirga-zirgar sasantawa. Ranar da ya kamata shugabannin yankin su tashi tsaye ita ce 29 ga Yuni, ranar da aka kori alƙalan da suka yi aikinsu. Najeriya ce ta fi kowa nauyi a ƙungiyar, kuma ita ya kamata ta maido da shawarar Accra kan teburi a taro na gaba.