Na Zaune Bai Ga Gari Ba

Babbar ribar fita ƙasashen waje ita ce mutum ya san ƙimar kansa, ya kuma koyi amince wa wanda ba yarensu ɗaya ba. Tarihin shugabannin farko na ƙasar nan ya isa shaida.

A cikin 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya tafi Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, har da Dokta Azikiwe. A can ya zauna da Lugga, mutumin da ya ci ƙasar Arewa da yaƙi, ya bayyana masa koke-koken jama'a ba tare da shayi ba. Littafin da ya rubuta a kan wannan tafiya shi ne Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je karatun aikin malanta a London cikin 1945, Malam Aminu Kano kuma ya bi baya a 1946. Sun ga Bature a garinsu yana shara, yana dako, sun kuma ga talaka yana tuhumar mahukunta ba a ɗaure shi ba. Daga nan kwarjinin da ake yi wa farar fata ya ragu a zukatansu. Malam Aminu ya komo ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Tafawa Ɓalewa kuwa ya miƙe a Majalisar Kaduna cikin 1950, ya nemi a gyara mulkin En'e, a lokacin da faɗin haka yake bukatar ƙarfin zuciya.

Haka kuma batun amana. A 1955 Tafawa Ɓalewa, yana Ministan Sufuri, ya ziyarci Amurka don duba yadda jirage ke aiki a kogin Misisifi. Ganin yadda mutane masu asali daban-daban suka zama al'umma ɗaya ya sa ya sakankance Nijeriya ma za ta iya, alhali a da yana shakkar hakan. Gani ya kori ji.

Lalle akwai masu kukan cewa fita waje na ɓata yara, su komo suna raina gida. Ba a rasa irinsu ba, amma laifin na tarbiyya ne da rashin manufa. Wanda ya fita don sayayya da holewa, tsaraba kaɗai zai kawo.

Saboda haka ya kamata gwamnatocin jihohi da masu hali su riƙa tura matasa, maza da mata, neman ilmi da sana'a, ko da maƙwabta ne irin su Ghana da Kamaru. A zaɓe su bisa cancanta, a kuma tanadar musu aikin yi kafin su komo. Ƙasar da ke son 'ya'yanta su tsaya da ƙafafunsu, tilas ta bar su su taka.