Kwale-kwale Mai Dizal Da Lantarki: Lissafin Da Ya Kamata Marubuci Ya Iya



Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, ɗauke da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara. Mun yi waƙoƙin ta'aziyya, mun la'anci lodin da ya wuce kima, muka kama harkar gabanmu. Tambayar da ban ji mun yi ba ita ce: me ke sa mai fito ya cika jirgi maƙil, alhali shi ma ransa na ciki?

Kwaɗayi na ciki, amma kuɗin mai ma na ciki. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kowane sawu sai da lissafi, kuma sawun da bai biya mai ba shi ke haifar da lodi.

Ni ɗan Burumburum ne, dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Audu Bako, maƙwabcinmu ne. A ganina, jirgin fito da ya dace da irin wannan ruwa shi ne mai haɗa dizal da lantarki. Injin dizal ya juya janareta, janareta ya cika batir, batir ya ba mota mai lantarki wuta, ita kuma ta juya farfela. Kan jirgin ƙasan da ke zuwa Kano ma dizal ne ke ba shi wutar da ke juya ƙafafunsa.

Ina ribar? Injin dizal ya fi tattalin mai idan yana aiki a mataki ɗaya. Jirgin fito kuwa yawan lokacinsa jiran fasinja ne da lallaɓawa a bakin gaɓa, inji na ta shan mai a banza. A wannan tsari, batir ne zai ɗauki ƙaramin aiki, inji ya tashi idan an shiga tsakiyar ruwa ko iska ta taso.

Abin da na koya a poli shi ne, zane yana farawa da awo. Na farko, gudu: jirgi mai nauyi idan ka ninka gudunsa, ƙarfin da yake buƙata kan kai wajen ninki takwas. Na biyu, nauyi: duk kilo 60 na batir, mazaunin mutum guda ne ya tafi. Batirin lithium ya fi na darma sauƙin nauyi, amma ya fi tsada. Na uku, wurin zama: batir ƙasa, a tsakiyar jirgi, cikin akwatin da ruwa ba ya shiga. Ka ɗora shi sama, ka ƙara wa jirgi saurin kifewa.

Wani zai ce a yi sola zalla, tunda a Kerala ta Indiya jirgin fito mai suna Aditya yana aiki da rana tun 2017. Gaskiya ne. Amma ranar da hazo ya rufe ko hadari ya haɗo, batir ya mutu a tsakiyar Tiga, wa zai jawo ka? Dizal shi ne tudun dafawa. Wani kuma zai ce tsada. Wannan ma gaskiya ne, mai fito ɗaya ba zai iya ba, sai ƙungiya ko gwamnati. Batun gyara kuwa, masu haɗa sola da masu naɗin koyil sun cika Kano.

To ina ruwan marubuci? Mai fito ba zai karanta littafin injiniya da Turanci ba. Idan ba mu muka zauna da bakanike da masunci muka samo kalmomin, muka sa su a labari da maƙala ba, wa zai yi? Cikin littattafanmu, jarumai nawa ne ke tuƙa tsaleliyar mota, nawa ne ke riƙe da filafili?

Wannan makon, kowa ya je bakin ruwan da ke kusa da shi, ya tambayi mai jirgi lita nawa yake sha a sawu, mutum nawa ke biyan kuɗinta. Ka rubuto amsar yadda ya faɗa. Gara mu iya wannan lissafi da mu sake rubuta ta'aziyya.

Allah Ya jiƙan yaran Badau, Ya kare na gaba.