Wandunan Lesotho da kuɗin fiton Trump: ƙyalle na wani, kasuwa ta wani

Ranar 2 ga watan Afrilun 2025, lokacin da shugaban Amurka Donald Trump ya bayyana sabon kuɗin fiton da ya ɗora wa ƙasashen duniya, kaso mafi tsanani, kashi 50 cikin ɗari, ya faɗa kan Lesotho, ƴar ƙaramar ƙasar da Afirka ta Kudu ta kewaye ta kowane ɓangare, mai mutane miliyan biyu da ƴan kai. Laifinta shi ne tana sayar wa Amurka wandunan jins da lu'ulu'u, amma ba ta da ƙarfin sayen kayan Amurka daidai da haka.

Mako guda bayan nan aka jingine matakin, a watan Agusta kuma aka mayar da shi kashi 15. Sai dai ɓarna ta riga ta auku. Manyan kantunan tufafi suna ba da odar kaya watanni kafin lokacin sayarwa, kuma babu mai ba da oda alhali bai san nawa zai biya a duwan ba. Masana'antun Maseru da Maputsoe suka rage kwanakin aiki, wasu suka sallami ma'aikata, galibinsu mata masu riƙe da gidaje. A watan Yuli gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda rashin aikin yi.

Zagin Trump ba wuya, kuma ya cancanci wani kaso na zagin. Amma ramin da Lesotho ta faɗa an yi shekaru 25 ana haƙa shi. Dokar AGOA, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu a shekara ta 2000, ta ba ƙasashen Afirka damar shigar da tufafi Amurka ba tare da kuɗin fito ba, har ta yarje wa matalauta daga cikinsu su yi ɗinkin da ƙyallen da suka sayo daga ko'ina. Wannan sassauci ne ya jawo ƴan kasuwar Taiwan suka kafa masana'antu a Lesotho, suna ɗinka wa Levi's da Wrangler. Yadi mai yawa, da maɓalli da zif, daga Asiya suke zuwa, a sauke su a tashar ruwan Afirka ta Kudu, a hau da su mota zuwa kan duwatsun Lesotho, a ɗinka, a sake komawa da su teku. Abin da ke saura a ƙasar shi ne albashi. Albashin dubban mata ba abin rainawa ba ne, amma keken ɗinki ana iya loda shi a kwantena cikin mako guda a kai shi Kenya, inda kuɗin fiton ya tsaya kashi 10 a 2025.

Habasha ta riga ta ɗanɗana. Ta ci bashi ta gina dandalin masana'antu na Hawassa, ta buɗe shi a 2016, kamfanin PVH mai Calvin Klein da Tommy Hilfiger ya shigo. Da Amurka ta sanar da cire ƙasar daga AGOA saboda yaƙin Tigray, PVH ya rufe masana'antarsa a ƙarshen 2021. Ruwanda kuwa, a 2018, an dakatar da rangwamen tufafinta don ta ƙara haraji kan kayan bosho, wato gwanjo, da nufin kare telolinta. An cire Mali a 2022, Burkina Faso a 2023, Nijar a 2024, amma a nan ba a ji zafin ba sosai, tunda dama babu wasu tufafin kirki da ake kai wa Amurka.

Don haka duk gwamnatin da ke mafarkin masana'antar tufafi a yankin Sahel ya kamata ta fara da tambayar wa zai saya da kuma ina ƙyallen zai fito, tun kafin a aza tubali. Mali da Burkina da Benin suna cikin manyan masu noman kaɗa a Afirka, amma mafi yawanta ɗanya take barin nahiyar, Bangaladesh ta saye, ta mayar da ita riga. Benin ta ɗauki hanyar da ta fi ta Lesotho ma'ana a dandalin Glo-Djigbé, inda ake kaɗi da saƙa da ɗinki wuri guda da kaɗar ƙasar, har an fara aika kaya ga kantunan Kiabi na Faransa. Ko ita ma, in masu sayenta suka tsaya a Turai da Amurka, sa hannun mutum ɗaya a Washington ko Brussels zai iya tsayar da injinanta.

Kasuwar da ba ta dogara da zaɓen wata ƙasa ba tana nan kusa: kayan ƴan makaranta, kakin soja da na ƴan sanda, zannuwan gadon asibiti, atamfa da shadda da ake shigowa da su daga Sin da Turai. Burkina Faso ta yanke shawara a 2023 cewa ɗalibai za su riƙa sa saƙin gida na Faso Dan Fani. Odar irin wannan ba ta kai ta Levi's girma ba, kuma masaƙar da ke aiki da janareta ba za ta iya karya farashin Sin ba sai an ba ta wutar lantarki mai araha, an kuma toshe fasa-ƙwaurin yadi a kan iyakoki. Waɗannan biyun kuwa aikin gwamnatocin yankin ne.