Darasin Sibawaihi Ga Ɗaliban Ilimi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa, sau da yawa mukan ga ɗalibi ya shiga karatun Larabci da ƙwazo, yana da burin zama malami, amma ranar da aka gyara masa wasali a gaban jama'a aka yi dariya, sai ya ɗauke ƙafa, yana cewa ai wannan harshe sai masu shi. Ta haka muke asarar haziƙai ba tare da mun sani ba. Don haka muka ga ya dace mu tuna wa kanmu labarin Sibawaihi.

Shi dai mutumin Farisa ne, ba Balarabe ba. Ya je Basra neman hadisi wurin Hammad bin Salama. Masu rubuta tarihin malaman nahawu sun ruwaito cewa wata rana ya yi kuskuren i'irabi a cikin wani hadisi, malamin ya gyara masa nan take. Abin ya yi masa ciwo, amma maimakon ya gudu, sai ya ƙudura niyyar koyon ilimin da zai hana a sake kama shi da irin wannan kuskure. Ya lizimci Khalil bin Ahmad, wanda ya tsara ilimin aruli, har ya wallafa Al-Kitab, littafin da ya zama tushen nahawu fiye da shekara 1,200.

Sai dai jarrabawa ba ta ƙare ba. A zamanin Halifa Haruna Rashid ya tafi Bagadaza, aka haɗa shi muƙabala da Kisa'i, shugaban malaman nahawun Kufa, a majalisar waziri Yahya bin Khalid al-Barmaki, kan wata jumla da ke kwatanta harbin kunama da na rina. Larabawan ƙauye da aka kira shaida suka goyi bayan Kisa'i. Sibawaihi ya koma Farisa da baƙin ciki, ya rasu wajen shekara ta 180 bayan Hijira, wato 796 Miladiyya, bai tsufa ba. Almajirinsa Akhfash ne ya ci gaba da karantar da littafin har ya yaɗu.

A ganinmu, yarda da kai iri biyu ce. Akwai ujubu, wanda ke sa mutum ya ga ya fi ƙarfin gyara, kuma mai shi yakan karye da zarar an taɓa shi. Akwai kuma natsuwar wanda ya san Allah Ya ba shi hankali kamar kowa, ya yarda zai yi kuskure, ya ji zafinsa, gobe kuma ya dawo da littafinsa. Jin ciwon kaye ba aibi ba ne, domin ya taɓa Sibawaihi kansa. Abin gudu shi ne barin aiki saboda shi.

Muna kira ga malamanmu su riƙa gyara da tausasawa, su kuma tsawata wa masu dariya a majalisin karatu. Ɗalibai kuwa su tuna cewa matambayi ba ya ɓata, kuma wanda bai karanta da ƙarfi ba, ba za a ji kuskurensa ba balle a gyara.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani da haƙurin nemansa, amin.