Jan Fensirin Amira

Yau ina so in ja hankalinku ga wani littafin yara mai suna The Red Pencil, wato Jan Fensir, wanda wata Ba'amurkiya, Andrea Davis Pinkney, ta wallafa a 2014. Labari ne guda, amma an tsara shi cikin gajerun waƙoƙi na Turanci.

Mai ba da labarin wata yarinya ce, Amira, 'yar shekara 12, a wani ƙauyen Darfur ta ƙasar Sudan, cikin 2003 da 2004. Da bakinta take faɗin aikin gona, da kiwon tunkiyarta, da zanen da take yi a ƙasa da tsinke. Burinta ta shiga makaranta, mahaifiyarta kuwa tana ganin aure da aikin gida su ne rabon 'ya mace. Ana nan sai 'yan Janjawid suka auka wa ƙauyen, suka kashe mahaifinta, iyalin suka gudu sansanin Kalma kusa da Nyala. Don tsananin firgita Amira ta daina magana, sai da aka ba ta jan fensir da takarda sannan bakinta ya buɗe.

Wasu iyaye za su ce labarin yaƙi bai dace da yara ba. Ni dai ban yarda ba. Tun 2009 rikicin Boko Haram ya raba yara masu yawa da gidajensu. Wadda ta ɗanɗani wannan za ta ga ba ita kaɗai ba ce, wadda Allah ya tsare kuma za ta koyi tausayi.

Gajartar waƙoƙin ma alheri ce. Yarinyar da Turancinta bai nuna ba tana iya gama ɗaya tsakanin wanke-wanke da shara. Koyar da mata ta hanyar waƙa kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu, da ita Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta ilmantar da matan karkara.

Saboda haka, uwargida, in littafin ya zo hannunki, ki sa 'yarki ta karanta ta fassara miki. Ku kuma 'yan makaranta, ku nemi littafin rubutu ku riƙa rubuta abin da kuka gani kullum. Marubutanmu, muna jiran irin wannan da Hausa, a kan yarinya mai talla.